Yadda na yi wa kamfani rajista a Guangzhou, da ramukan doka da ke kan hanyar

Yawancin 'yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou da Yiwu da bizar kasuwanci suke shiga ƙasar Sin, su yi sari, su loda kwantena, su juyo gida. Muddin a nan mutum ya tsaya, doka ba ta cika bi ta kansa ba. Amma ranar da ya fara karɓar kuɗin wasu yana sayo musu kaya yana cin la'ada, ko ya kama ofis ya ɗauki yaran aiki, to ya shiga wani fagen daban, domin bizar kasuwanci ba izinin aiki ba ce. Dokar shige da fice da ta fara aiki a 2013 ta yanke tarar yuan 5,000 zuwa 20,000 ga baƙon da aka kama yana aiki ba izini, idan laifin ya yi nauyi a haɗa masa da tsarewar kwana 5 zuwa 15, kuma ana iya tasa ƙeyarsa. Wannan ne ya sa na yi wa kamfanin fitar da kaya rajista a Guangzhou a 2025. Ga yadda tafiyar ta kasance, daki-daki.

Tambayar farko da lauya ya yi mini ita ce wane irin kamfani nake so. Akwai ofishin wakilci, wanda sunansa ke ruɗar mutane saboda kamar ya fi sauƙi, alhali ba shi da ikon saye da sayarwa ko ba da rasit, ana caje shi haraji a kan abin da ya kashe, kuma sai uwar kamfanin ta shekara 2 da kafuwa. Akwai haɗin gwiwa da Basine. Sai kuma kamfani mallakin baƙo ɗari bisa ɗari, wanda shi na zaɓa. Tun 1 ga Janairun 2020 doka ɗaya ce ke kula da jarin baƙi, ita ta maye gurbin tsofaffin dokoki uku, kuma ƙa'idarta ita ce baƙo da ɗan ƙasa daidai suke sai a sana'o'in da aka lissafa cikin jerin hani. Jerin da ya fara aiki a Nuwamban 2024 abu 29 ne a cikinsa, irin su kafofin labarai, wallafa littattafai, taba, da wasu sassan sadarwa da ilimi. Cinikin takalma, yadi, kayan gini ko kayan lantarki babu ruwansa da wannan jeri. Akwai hanya ta huɗu da za a yi ta kwaɗaita maka a Xiaobei da Sanyuanli, unguwannin Guangzhou da 'yan kasuwarmu ke taruwa: a buɗe kamfanin da sunan wani abokinka Basine, kai kana bayan fage. Tana da arha da sauri. Sai dai a idon hukuma kamfanin nasa ne, asusun nasa ne, kayan da ke sito nasa ne, kuma ranar da kuka ɓata ko shi ya ci bashi a wani wajen, takardar da kuka rubuta tsakaninku ba lalle ta cece ka ba.

Kafin ma a taɓa maganar rajista, lauyan ya sa na shigar da tambarin kayana a hukumar kare mallakar fasaha ta ƙasar. A Sin wanda ya riga shigar da takarda shi ne mai tambari, ba wanda ya riga amfani da shi ba, kuma rajistar da ka yi a Abuja ba ta tsallaka teku. Kamfanin Apple kansa sai da ya biya dala miliyan 60 a 2012 kafin ya mallaki sunan iPad a can. Haɗarin ga irinmu ya fi haka kusa: mai masana'antar da ke buga maka kaya, ko wani ɗan kanzagi, yana iya yi wa sunan kayanka rajista, ya kai shi kwastan, sai a tsare kwantenarka a tasha da sunan jabu, kayan da kai ka ƙirƙiro. Kuɗin hukuma ba yawa, yuan 270 ne kan kowane rukunin kaya idan ta intanet aka shigar, ban da ladan wakili, wanda dole ne ga baƙon da ba shi da mazauni a ƙasar. Ana duba takarda cikin 'yan watanni, a buga ta wata 3 don mai ƙorafi ya fito, sannan a ba da shaida mai shekara 10. Abu biyu ake yawan tsallakewa. Kowane rukuni an sake yanka shi ƙananan rukunai, don haka rajistar riga ba ta kare takalmi ko hula ba. Sannan a yi wa sunan rajista da haruffan Sinanci ma, in ba haka ba kasuwa za ta raɗa masa suna, wani ya riga ka zuwa ofis da shi.

Daga nan sai takardun gida. Sin ta shiga yarjejeniyar Hague ta tantance takardu da hatimi guda tun 7 ga Nuwamban 2023, to amma Najeriya ba ta ciki, don haka mu tsohuwar hanya muke bi: lauya mai hatimin shaida, sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sai ofishin jakadancin Sin a Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Legas. Idan kamfanin Najeriya ne zai zama mai jarin, ana kai shaidar rajistarsa ta CAC da takardar da ke nuna wanda aka ba ikon sa hannu. Idan mutum ne da kansa, fasfo ya wadatar, kuma a birane da dama in kana cikin ƙasar sai ka kai ainihin fasfon mai hatimin shigowa a duba shi ido da ido. Duk takarda sai an fassara ta zuwa Sinanci a kamfanin fassara mai hatimi. A nan a buɗe ido sosai kan suna. Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar CAC, Muhammed a shaidar digiri: a wajenmu mutum ɗaya ne, a wajen ma'aikacin da ke bayan gilashi mutum uku ne, kuma ba ya jayayya, turo maka takardar kawai zai yi. Shawarata ita ce a haɗa har da shaidar karatu da takardar 'yan sanda ta rashin laifi a tantance su a tafiya ɗaya, domin za a neme su wajen izinin aiki, amma a lissafa lokaci, don ta 'yan sandan ba a karɓarta in ta wuce wata 6.

Ba a rajista sai da adireshi, wato sai ka kama ofis kana biyan haya kafin kamfanin ya samu. Ana buƙatar yarjejeniyar haya da kwafin takardar mallakar ginin, kuma takardar ta nuna cewa ginin na kasuwanci ne. Ɗakin kwana ba ya yi. Dillalai na sayar da adireshin da babu kowa a cikinsa kan kuɗi kaɗan, wasu ma halastattu ne, irin na cibiyoyin da ƙaramar hukuma ta amince da su. Amma ga baƙon da zai nemi asusun banki, izinin aiki da mayar da haraji, dukkan ukun nan suna iya turo mutum ya ga wurin. Idan hukumar kula da kasuwa ta aiko wasiƙa ko ta zo ba ta same ka ba, sai ta saka kamfanin cikin jerin masu matsala, kuma jerin nan a buɗe yake ga kowa a intanet. Na kama ƙaramin ɗaki mai tebur biyu, na tabbatar mai gidan ya yarda zai ba da rasit na haraji kan kuɗin haya. Wasu masu gidan suna ƙara kuɗi idan ka nemi rasit ɗin, gara a yi cinikin tun farko.

Cike fom ɗin rajista a hukumar kula da kasuwa ya ƙunshi shawarwari huɗu da za su bi ka shekaru. Suna: na Sinanci ne kaɗai doka ta sani, kuma yana da tsari, sunan gari, sunan da ka zaɓa, sana'a, sai nau'in kamfani. A tanadi sunaye da yawa domin na'ura na ƙin duk wanda ya yi kama da na wani. Iyakar sana'a: ana zaɓar abin da kamfanin zai yi daga jerin hukuma, kuma abin da ba ka zaɓa ba, ba za ka iya yanka masa rasit cikin sauƙi ba. A tabbatar an saka shigo da kaya da fitar da su. Abinci, magani da kayan asibiti suna da nasu lasisin daban. Jari: babu mafi ƙarancin adadi ga kamfanin ciniki, shi ya sa a da mutane ke rubuta miliyoyi don burga su ce za su biya nan da shekara 30. Sabuwar dokar kamfanoni da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2024 ta rufe wannan ƙofa, yanzu duk abin da ka rubuta sai ka zuba shi cikin shekara 5, kuma bashi ne a wuyanka idan kamfanin ya gaza biyan masu binsa. A ɗaya ɓangaren, jari ɗan mitsitsi yana sa banki da masu ba da izinin aiki su yi maka kallon wasa. Ni na lissafa haya, albashi da kuɗin tafiyar da ofis na wajen shekara guda da rabi, na rubuta wannan.

Na huɗun shi ne wakilin kamfani a gaban doka, mutum guda da sunansa ke kan lasisi. Sa hannunsa yana ɗaure kamfanin, kuma idan kotu ta yanke wa kamfanin biyan kuɗi bai biya ba, shi ake iya hana wa hawa jirgin sama da jirgin ƙasa mai sauri. Ni na riƙe muƙamin da kaina. Wanda ya ba wa wani don gudun wahala ya sani cewa cire shi daga baya, in bai so ba, aiki ne ja.

Lasisin kansa, abin mamaki, shi ne mafi sauƙi. Hukuma ba ta karɓar ko sisi a kansa, kuma da takardu suka cika bai kai mako biyu ba ya fito: takarda ɗaya mai lamba 18 wadda ita ce lambar kamfanin a haraji, a kwastan da ko'ina. A ranar na ɗauka an gama. Akantar da na ɗauka ta dube ni ta ce yanzu aka fara.

Da lasisi ake zuwa shagon da 'yan sanda suka amince da shi a sassaƙa hatimai: babban hatimin kamfani, na kuɗi, na rasit, na kwantiragi, da ɗan ƙarami mai sunan wakili. A Sin jan hatimin nan ya fi sa hannu ƙarfi. Duk wanda ya riƙe shi zai iya buga shi kan takardar bashi, kuma kotu za ta fara ɗaukar cewa kamfanin ne ya yi, sai ka sha wahala ka nuna akasin haka. Eja zai ce ka bar masa su don sauƙin aiki. A ba shi na awa guda, a karɓe. Babban hatimin da na kuɗi kada su kwana a aljihun mutum ɗaya in ba naka ba.

Banki ne ya fi cin rai. Ana buɗe asusu aƙalla biyu, babban asusun yuan na harkokin yau da kullum da asusun jari na kuɗin waje, kuma bankin ne ke yi maka rajistar jarin a madadin hukumar kula da musayar kuɗi. Reshe na farko da na je ya karɓi takardu, ya yi shiru, daga baya aka ce mini a gwada wani wajen, ba tare da dalili ba. Bankunan suna tsoron hukuncin halasta kuɗin haram, kuma fasfon Afirka ta Yamma yana sa su ƙara bincike, wannan gaskiya ce da ba a rubuta ta a bango ba. Reshen da ya yarda ya turo ma'aikata biyu ofis, suka ɗauki hotona a tsaye ƙarƙashin allon sunan kamfanin riƙe da lasisi da fasfo, suka tambayi su wane ne masu sayen kayana, daga wace masana'anta, nawa nake sa ran zai shiga a wata. Wanda ya zo da tsofaffin takardun lodi da kwantiragi ya fi saurin wucewa. Dole ka samu layin waya na Sin da sunanka. Jarin kuma tilas ya fito daga asusun mai jarin da ke waje, da suna iri ɗaya, ba daga asusun ƙaninka na Dubai ba. Bayan ya shigo ma, ba a canja shi zuwa yuan a yi yadda aka ga dama, banki na neman kwantiragi da rasit na abin da aka kashe.

A nan ne al'adarmu ta biyan naira ga ɗan canji a Kano ko Legas, wani ya tura yuan daga cikin Sin, take cin karo da doka. Kuɗin yana zuwa da wuri, amma ba ka san daga asusun wa ya fito ba. Idan akwai kuɗin damfara ko caca a cikinsa, 'yan sandan wani lardi can nesa suna iya daskarar da duk asusun da ya ratsa, kuma buɗe shi kan ɗauki watanni. 'Yan kasuwar Yiwu da yawa sun ɗanɗana wannan, shi ya sa wasu masu masana'anta yanzu ba sa karɓar kuɗi sai daga asusun mai sayen.

Sai ofishin haraji, inda aka ɗauki hoton fuskata aka haɗa da fasfo. Harajin riba kashi 25 ne cikin ɗari, amma ƙananan kamfanonin da ribarsu ba ta wuce yuan miliyan 3 ba suna biyan kashi 5 har zuwa ƙarshen 2027. Harajin VAT a kan yawancin kaya kashi 13 ne. Za a tambaye ka ko ƙaramin mai biya ne kai ko cikakke. Ƙaramin yana biyan kaso kaɗan, cikakken shi ne ke da ikon neman a mayar masa da VAT idan ya fitar da kaya waje, kuma wanda cinikinsa ya haura yuan miliyan 5 a shekara dole ya zama cikakke. Duk tsarin a kan rasit na hukuma mai suna fapiao yake tsaye. Kuɗin da ka kashe babu shi, a wajen haraji ba ka kashe ba. Don a mayar maka da VAT sai abu huɗu sun yi daidai kamar tagwaye: kwantiragi, fapiao na masana'anta, takardar fitar da kaya ta kwastan, da kuɗin da ya shigo daga waje. Sunan kaya, adadi da ma'auni su zama iri ɗaya a duka. Neman farko yana jawo ziyarar jami'ai, kuma suna iya rubuta wa ofishin harajin garin da masana'antar take su tabbatar da gaske ita ta ƙera kayan. A jira, kada a sa wannan kuɗin cikin lissafin wata mai zuwa.

Matsalar ita ce 'yan rumfunan kasuwa da muke saye a wajensu galibi ba sa ba da fapiao. Za a samu mai cewa zai sayar maka da shi. Sayen rasit na ƙarya laifin ɗauri ne, ba na tara kawai ba. Halastacciyar mafita ita ce tsarin sayen kasuwa mai lamba 1039, wanda aka fara a Yiwu aka faɗaɗa zuwa wasu kasuwanni har da ta kayan fata ta Huadu a Guangzhou: ba a biyan VAT, ba a mayarwa, kuma kowace takardar fita ba ta wuce dala 150,000. Tsohuwar dabarar fitar da kaya da takardun wani kamfani ma ta ƙuntata, domin tun Oktoban 2025 ana tilasta wa ejan fitar da kaya ya bayyana ainihin mai kayan, in ba haka ba harajin ya hau kansa. Rajistar kwastan da katin shiga tsarinsu na intanet ba su ba ni wahala ba, an ma soke rajistar ma'aikatar kasuwanci da ake yi a da tun ƙarshen 2022.

Mallakar kamfani ba ta ba ka izinin yi masa aiki. Kamfanin ne zai yi rajista a matsayin mai ɗaukar baƙi, ya nemo maka takardar amincewa, ka karɓi bizar aiki mai harafin Z, ka shigo, ka yi rajistar masauki cikin awa 24 in ba a otal ka sauka ba, ka yi gwajin lafiya a asibitin da aka keɓe, sannan ka nemi izinin zama kafin kwana 30 su cika. An kasa baƙi rukuni uku, A, B da C, kuma yawancinmu B muke nema, wanda bisa al'ada ke son digiri da shaidar aikin shekara 2, ko maki 60 a ma'auninsu. Alhajin da ya shekara 20 yana kasuwa amma ba shi da kwalin jami'a ya tattauna wannan da lauya tun kafin ya biya haya. Izinin zama na ƙasa da shekara yuan 400 ne, fasfonka zai kwana a wajensu, rasit ɗin da suka ba ka shi ne shaidarka. Wajen sabuntawa ana duba ko kamfanin na biyan haraji da gaske, har da harajin albashinka.

Ma'aikaci kuwa, a rubuta masa kwantiragi cikin wata guda da fara aiki, in ba haka ba dokar ƙwadago ta 2008 ta ba shi ikon neman albashi ninki biyu. Zuba masa kuɗin inshora da na asusun tanadin gida dole ne ko da shi ya ce a ba shi kuɗin a hannu. Sallama ba ta yiwuwa don kawai ranka ya ɓaci, sai da dalilin da doka ta lissafa, kuma kuɗin sallama albashin wata ne kan kowace shekara.

Kwantiragi da masana'anta na koyi yin sa da Sinanci, da cikakken sunan kamfanin kamar yadda yake a lasisinsa, da jan hatiminsa. Kafin biyan kafin alƙalami ina duba sunan a rumbun bayanan kamfanoni na gwamnati, kyauta ne, yana nuna jari, wakili, da ko an taɓa hukunta su. Asusun da za a biya ya zama na kamfanin da ya buga hatimi, ba na matar manaja ko wani kamfani na Hong Kong ba. Rubuta cewa kotun Najeriya ce za ta yi shari'a yana sanyaya zuciya, amma dukiyar mai masana'antar a Sin take, kuma aiwatar da hukuncin kotun waje a can doguwar tafiya ce. Ya fi a zaɓi kotun garinsa ko hukumar sasanci irin CIETAC, mai warware rikicin kasuwanci a Sin. Sin da Najeriya duka suna cikin yarjejeniyar New York kan hukuncin sasanci, don haka ana iya neman aiwatar da irin wannan hukunci a ƙasashen biyu. A kuma sani cewa takobin kaifi biyu gare shi: idan kai ake bi, kotu na iya hana ka fita daga ƙasar har a warware shari'ar, wani ma sai a filin jirgi yake sani.

Fitar da riba yana yiwuwa, amma sau da yawa sau ɗaya ake yi a shekara, bayan an binciki littattafai an kammala lissafin haraji kafin 31 ga Mayu. Ana ware kashi 10 na ribar a asusun ajiya har ya kai rabin jari, a cire harajin rabon riba kashi 10, wanda yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Sin ta sauko da shi zuwa 7.5 ga wanda ya kawo shaidar cewa a Najeriya yake biyan haraji. Rahoton shekara kuma kafin 30 ga Yuni. Ko kamfanin bai yi cinikin kobo ba, sai akanta ya shigar da bayanan haraji a kan kari. Wanda kasuwa ta juya masa kada ya kulle ofis ya hau jirgi. Rufe kamfani yana da nasa layin: sanarwar kwana 45 ga masu bin bashi, ko 20 a sauƙaƙen tsari, wanke littafi a ofishin haraji, kwastan, banki, sannan soke hatimai, kuma yakan fi buɗewa daɗewa. Kamfanin da aka yi watsi da shi ana ƙwace lasisinsa, a hana wakilinsa riƙe irin wannan muƙami na shekara 3, bashin harajin kuma yana nan a kan sunan da ke fasfonsa.